Littattafan Koyon Dabo da Rufa Ido

A Hausa akwai sihiri, akwai tsafi, akwai kuma dabo ko rufa ido, wanda wasu ke kira siddabaru. Mai sihiri da matsafi suna da'awar aljannu ko wani asiri ke yi musu aiki, sabo da haka mutane ke shakkarsu. Mai dabo kuwa, hannunsa da bakinsa su ne jarinsa. Ya kan tara mutane a dandali, ya ɓatar da kwabo, ya zaro ƙwai daga hular yaro, a yi mamaki, a yi dariya, a jefa masa abin da ya sawwaƙa, a watse. Ko da ya ke mutane da yawa su kan ɗauka shi ma da asiri ya ke aiki, abin nasa koyo ne, kamar saƙa ko ƙira. Turawan Ingila kalma ɗaya su ke kiran duka waɗannan da ita, ita ce za a yi ta gani cikin sunayen littattafan da ke tafe. To, sai mai karatu ya riƙe cewa dabo kaɗai a ke nufi a nan.

Littattafan dabo iri uku ne. Akwai na tonon asiri, akwai masu koyar da hannu, akwai kuma masu bayyana dalilin da ya sa dabo ke cin mutane. Wanda ya ke son sana'ar sai ya san dukkansu, ya kuma san wanda zai fara ɗauka.

Littattafan tonon asiri

Waɗanda suka fara rubuta sirrin dabo, niyyarsu su tsare mutane daga cuta ce. A cikin ƙarni na 13 an yi wani malami, mutumin wani ƙauye kusa da Dimashƙu, sunansa Abdurrahim al-Jaubari. Ya yi yawon duniya ƙwarai, ya zauna da mayaudara iri iri har ya san hanyoyinsu. Sarkin Amid, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, ya nemi ya rubuta abin da ya gani, shi ne ya wallafa al-Mukhtar fi Kashf al-Asrar, mai babi 30. A ciki ya tona masu da'awar annabci, da shehunnan ƙarya, da masu duba, da likitocin kasuwa, da masu cewa suna mai da tagulla zinariya.

Wani labari da ya kawo ya isa misali. Wani baƙo ya zo Dimashƙu a zamanin Sarki Nuruddin. Ya goge dinarai da magagari har suka zama gari, ya cuɗa da garin gawayi, ya dunƙula, ya sayar wa wani mai magunguna da araha, ya laƙa wa abin wani suna na ƙarya. Sa'an nan ya sa labari ya kai ga sarki cewa ga mai haɗa zinariya ya zo gari. Da aka kira shi ya lissafa kayan da za a sayo, har da wannan dunƙulen. Aka bincika kasuwa aka same shi a wurin mai magungunan nan kaɗai. Aka zuba a wuta, gawayi ya ƙone, sai ga zinariya. Sarki ya ce a ƙara, aka ce maganin ya ƙare, sai a Hurasan a ke samunsa. Sarki ya ba baƙo dukiya mai yawa ya tafi ya sayo, tafiyar da bai komo ba ke nan. Duk wanda ya san labarin masu ninka kuɗi zai gane dabarar, gama har yau ita ce: a bar mutum ya ci kaɗan da hannunsa, kwaɗayi ya ƙarasa sauran aikin. An fassara littafin da Ingilishi a 2020, da sunan The Book of Charlatans.

A Ingila kuwa, a 1584, wani mutumin Kent mai suna Reginald Scot ya buga The Discoverie of Witchcraft. A zamanin nan a kan kama tsofaffin mata matalauta a ce mayu ne, a kai su gaban alƙali, a rataye. Abin ya dami Scot. Ya ce yawancin abin da a ke jingina wa maita, ko dai ruɗu ne ko kuwa wayon hannu. Don ya tabbatar da maganarsa ya keɓe wani sashe ya bayyana yadda masu dabo ke wasa da ƙwallaye da kuɗi da karta, da wuƙar da ruwanta ke shigewa cikin ƙota. Har ya nuna yadda a ke fille kan yaro a ɗora a faranti. Tebur ne mai rami biyu, da yara biyu. Ɗaya yana kwance a bisa, kansa ya shige rami. Ɗayan yana ɓoye a ƙarƙashi, kansa ya fito ta tsakiyar faranti. Littafin bai yi wa manya daɗi ba, har Sarki James na Sikotilan ya rubuta nasa a 1597 yana sukar Scot. Ingilishin littafin tsoho ne, yana da wuya, sai dai ya kamata ɗalibi ya san cewa bayanin dabo na farko da aka buga a harshen nan, don ceton rai aka yi shi.

Daga kasuwa zuwa gidan wasa

Mutumin da a ke kira uban dabon zamani Bafaranshe ne, Jean-Eugène Robert-Houdin, wanda ya rayu daga 1805 zuwa 1871. Asalinsa mai gyaran agogo ne. A 1845 ya buɗe gidan wasa a Faris, ya riƙa fitowa da tufafi irin na manyan gari, ba ya sa rigar bokaye. A 1856 gwamnatin Faransa ta aika da shi Aljeriya don ya karya kwarjinin malaman da ke zuga mutane su ƙi mulkinta. Bisa ga labarin da ya bayar da kansa, ya ajiye ƙaramin akwati, ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga shi ba wuya, sa'an nan ya ce ya zare masa ƙarfi, mutumin ya yi ta fama akwati ya ƙi motsi. Gindin akwatin ƙarfe ne, a ƙarƙashin daɓe kuma akwai maganaɗisun da lantarki ke kunnawa. A nan an sa dabo ya yi wa mulkin mallaka aiki, watau an yi abin da al-Jaubari ya yi gargaɗi a kai. Amma littafin da ya buga a 1868, wanda aka fassara da sunan The Secrets of Conjuring and Magic, yana da amfani har yanzu. A ciki ya nuna cewa aikin mai dabo ɗan'uwan aikin ɗan wasan kwaikwayo ne, saurin yatsu kaɗai ba ya isa.

Wanda ya fassara shi wani lauya ne na Landan, Angelo Lewis, mai sa hannu da sunan Professor Hoffmann. Shi ne ya rubuta Modern Magic a 1876, littafin da ya fara tattara sana'ar daki daki a Ingilishi. Kayan aikin da ya kwatanta yawanci sun tsufa, amma ƙa'idodi biyu da ya kafa tun a farkon littafin ba su tsufa ba. Ta fari, kada a gaya wa 'yan kallo abin da zai faru kafin ya faru, don in sun sani za su san inda za su zuba ido. Ta biyu, kada a maimaita dabo ɗaya a zama ɗaya, don a karo na biyu mamaki ya riga ya wuce, sai bincike.

Littattafan mai farawa

Wanda bai taɓa kome ba, littafin da ya fi dacewa da shi shi ne Mark Wilson's Complete Course in Magic, na 1975. Zane ya yi yawa a cikinsa, kusan ko wane motsin hannu da hotonsa, ya kuma taɓa ko wane fanni: karta, kuɗi, igiya, adiko, har da manyan akwatunan da a ke ɓatar da mutum a ciki. Amfaninsa shi ne mutum ya ɗanɗana ko wanne, ya ga inda zuciyarsa ta karkata. Wanda ya fi shi faɗi shi ne Tarbell Course in Magic. Harlan Tarbell ya fara shi a ƙarshen shekarun 1920, darasi 60 da a ke aika wa ɗalibai ta gidan waya a Amurka. Daga baya aka buga shi, aka yi ta ƙari har ya kai juzu'i 8. Wannan ba a karance shi a wata ɗaya, ajiye shi a ke yi kamar ƙamus.

A irin waɗannan ne ɗalibi zai gamu da wasan kofi uku da ƙwallaye, wanda ya fi kusan ko wane dabo daɗewa a duniya. Sirrinsa ƙanƙane ne: 'yan kallo ƙwallo uku su ke gani, alhali huɗu ne. Kullum akwai ɗaya a ɓoye, ko a hannu ko a ƙarƙashin kofi, sabo da haka mai wasa yana gaban masu kallo da taki ɗaya.

Mai son karta ya fara da The Royal Road to Card Magic, na Jean Hugard da Frederick Braue, 1948. Tsarinsa ya sa a ke yabonsa. Ko wane babi ya kan koyar da dabarar hannu guda, sa'an nan ya kawo wasannin da a ke yi da ita, sabo da haka tun makon farko ɗalibi yana da abin nunawa. Ga misalin irin abin da ke ciki. Mai wasa ya saci kallon kartar da ke can ƙasa, ya riƙe ta a zuci, ita ce shaidarsa. Wani ya zari karta, ya duba, ya ɗora a bisa sauran. A yanka kartar biyu, a ɗora rabin ƙasa a kan rabin bisa. To, yanzu shaidar nan ta hau daidai kan kartar mutumin. In mai wasa yana buɗe su ɗai ɗai daga bisa, wadda ta biyo bayan shaidarsa ita ce. Yaro ma zai iya wannan, amma gwani ya kan yi ta jan magana har a rantse zuciyar mutum ya karanta. Wanda ya gama wannan littafi sai ya wuce ga Card College na Roberto Giobbi, mutumin Suwizalan, juzu'i 5, wanda ya fara fitowa da Ingilishi a 1995. Hanyarsu ɗaya, sai dai Giobbi ya fi bayyana inda ko wane yatsa zai zauna da dalilin zamansa a nan.

Na kuɗi kuwa, babu kamar Modern Coin Magic na J. B. Bobo, 1952. Kuɗi ya fi karta wuya, gama ƙarfe ne, yana ƙara, yana santsi, ba shi kuma da 'yan'uwa 51 da zai ɓuya a cikinsu. Dabarar da kowa ke fara koya ita ce wannan. A riƙe kwabo da bakin yatsun hagu, tafin hannu yana duban sama. Hannun dama ya zo kamar zai ɗauka. Da yatsunsa sun rufe kwabon, sai babban yatsan hagu ya sake shi ya faɗa gindin yatsu. Hannun dama ya dunƙule ya tafi, idon mai wasa ya bi shi, hannun hagu ya sauka a sake kamar ba kome a ciki. Bayanin bai fi layi biyar ba, amma kafin ya zauna a hannu sai an yi makonni. Gwajinsa shi ne mutum ya ɗauki kwabon da gaske sau goma a gaban madubi, sa'an nan ya yi na ƙarya, ya ga ko akwai bambanci.

Akwai wani littafi da mai farawa zai yi ta jin sunansa, amma gara ya dakata masa, shi ne The Expert at the Card Table, wanda ya fito a Cikago a 1902, da zane 101. Mai shi ya ɓoye sunansa, ya sa S. W. Erdnase, wanda in an karanta daga baya sai ya zama E. S. Andrews. Rabin littafin maguɗin 'yan caca ne, kamar raba karta daga ƙasa, ko cuɗa ta ba tare da ta cuɗu ba. Dai Vernon, mutumin Kanada, tun yana yaro ya haddace shi. Shi ne ya ruɗa Houdini, wanda ke fariyar cewa ba dabon da zai gani sau uku bai gane ba. Vernon ya maimaita masa wasan karta ɗaya fiye da haka, Houdini bai gane ba. Amma wannan aikin gwanaye ne, mai koyo ya tsaya ga ƙa'idar Hoffmann.

Fanni na ƙarshe shi ne na masu nuna kamar suna karanta zuciya. Babban littafinsa 13 Steps to Mentalism na Tony Corinda, wanda ya fara fitowa ƙananan littattafai a Landan a 1958. Wata tsohuwar dabara ta wannan fanni ita ce a sa mutane su rubuta tambayoyi su naɗe. Mai wasa ya riga ya san abin da ke cikin takarda ɗaya. Sai ya ɗauki wata dabam ya ɗora a goshi, ya faɗi wadda ya sani. Mai ita ya amsa, shi kuma ya buɗe ta hannunsa kamar yana tabbatarwa, alhali karanta ta gaba ya ke yi. Haka zai bi su duka, ya bar wadda ya sani ta zama ta ƙarshe. Wannan fanni shi ya fi hatsari, domin da shi 'yan damfara ke cin dukiyar masu neman taimako. Sanin sa kariya ne ko ga wanda ba zai taɓa yin wasa ba.

Littattafan hikimar sana'ar

Mutum ya kan san sirri ɗari, ya tashi gaban jama'a a yi ta hamma. Maganin wannan yana cikin kashi na uku. Na farkonsu Our Magic ne, na Nevil Maskelyne da David Devant, 1911. Maskelyne ya rubuta sashen ƙa'idodi, Devant ya rubuta na aiki. Jigon maganarsu shi ne sirri ƙaramin abu ne cikin sana'ar, babban abu shi ne yadda a ka tsara wasa har ya kama zuciyar mai kallo.

Dariel Fitzkee, Ba'amurke, ya buga littattafai uku a jere: Showmanship for Magicians a 1943, The Trick Brain a 1944, da Magic by Misdirection a 1945. A na biyun ya tace dukan dabon duniya ya ce iri 19 ne kawai, kamar fito da abu, ɓatar da shi, sauya masa wuri, sauya masa kama, ratsa shi, da mai da abin da a ka yanka ya koma daidai. Na ukun ya fi su amfani, gama a nan ya yi bayanin karkatar da hankali. Ya nuna cewa hankalin mutum a ke ruɗawa, ido biye ya ke kawai. Henning Nelms, wanda ya san aikin shirya wasan kwaikwayo, ya ɗora a kan wannan a Magic and Showmanship, 1969. Shawararsa ita ce ko wane motsi ya zama da dalilin da mai kallo zai yarda da shi. In hannu zai shiga aljihu ya ajiye kwabo, to, ya shiga da hujjar ɗauko alƙalami.

Juan Tamariz na Madrid, wanda a ka haifa a 1942, ya rubuta ƙananan littattafai biyu masu nauyi a shekarun 1980. The Five Points in Magic ya yi magana a kan ido da murya da hannu da ƙafa da jiki, da yadda ko wanne ke jan hankalin jama'a. The Magic Way kuwa ya koyar da cewa mai kallo yana ta neman bayani a zuci, sabo da haka aikin mai dabo ya san ko wace hanya zuciyar za ta bi, ya toshe su ɗai ɗai. In za a ce kartar tana cikin hannun riga, ya naɗe hannun riga tun da wuri. In za a ce kartar duk iri ɗaya ce, ya ba da ita a duba. Sai mai kallo ya rasa mafita, mamaki ya kama shi. Darwin Ortiz ya bi sawunsa da Strong Magic a 1994 da Designing Miracles a 2006. Daga cikin darussansa akwai nisanta lokacin da a ka yi dabara da lokacin da a ka nuna sakamako. In kwabo ya ɓace nan take bayan hannu biyu sun haɗu, kowa zai tuna haɗuwar. In an sa magana da dariya a tsakani, an manta.

Masana ilmin ƙwaƙwalwa ma sun shigo. A 2006 Gustav Kuhn da Michael Land suka yi gwaji a Ingila. Mai wasa ya jefa ƙwallo sama ya cafe sau biyu, a na uku ya yi kamar ya jefa, alhali yana tafinsa. In ya ɗaga kai ya bi iska da kallo, wajen kashi biyu cikin uku na masu kallo su kan ce sun ga ƙwallon ya tashi ya ɓace. In kuwa ya tsaya duban hannunsa, wajen kashi ɗaya cikin uku ne ke faɗin haka. Watau mutum ya kan ga abin da ya ke tsammani, ya kuma dubi inda wani ke duba. Kuhn ya tattara irin wannan bincike a Experiencing the Impossible, 2019. An ce gani ya kori ji, amma ga alama gani ma yana bukatar shaida.

Yadda za a karanta su

Littafin dabo ba a karanta shi a kishingiɗe. A buɗe shi a kan tebur, karta ko kwabo na hannu, a bi shi jimla jimla. Kuskuren masu koyo shi ne haɗama: su tara littattafai goma, su san sirri dubu, ba su iya ko ɗaya ba. Abin da ya fi shi ne a ɗauki Wilson, ko Hugard da Braue, a zaɓi wasa uku, a yi ta yi a gaban madubi har hannu ya daina jiran umurnin zuciya. Sa'an nan a gwada a gaban mutane, domin madubi ba ya tambaya, ba ya kuma miƙo hannu ya ce a ba shi ya duba. Bayan an sha kunya sau biyu ko uku ne littattafan Nelms da Tamariz za su yi ma'ana, gama amsar tambayoyin da mutum ya riga ya gamu da su ce ke ciki. Tsofaffin, irin su Scot da Hoffmann da Erdnase, a kan same su kyauta a intanet. Bidiyo yana nuna saurin motsi fiye da takarda, amma mai koyo da shi ya kan kwaikwayi malaminsa har da muryarsa, mai littafi kuwa tilas ya nemo tasa.

Sauran magana ɗaya, ita ce ta amana. Ƙungiyar masu dabo ta Landan, The Magic Circle, wadda a ka kafa a 1905, tana ɗaukar alkawari daga 'ya'yanta kada su tona sirri a banza. Amma ga sirrin nan a rubuce cikin littattafai, wanda duk ya ɗauki wahalar karatu da koyo zai same shi. Abin da a ke ƙi shi ne a watsar da shi ga wanda bai nema ba, a ɓata masa jin daɗin kallo. Haƙƙin da ya fi wannan nauyi shi ne na 'yan kallo. Dabarar baƙon Dimashƙu da ta Vernon duk tushensu ɗaya. Bambancinsu, mai dabo na gaskiya ya kan faɗa tun farko cewa wasa ne zai yi, ya karɓi ladan wasansa, kowa ya koma gida da dukiyarsa da imaninsa. Ranar da ya ce aljannu ke yi masa aiki, ko ya karɓi kuɗin mutum don ya ninka masa, ya bar dabo ya shiga damfara, kuma tun ƙarni na 13 al-Jaubari ya riga ya rubuta babinsa.